TARIHIN ƘIRAR AZURFA: DAGA LIYARI ZUWA MAƁALLIN HANNUN RIGA

A wannan fitowa ina so mu waiwayi tarihin wata sana'a da ke neman kuɓuce mana muna ji muna gani, wato ƙirar azurfa. Zan kuwa bi ta kan ɗan ƙaramin abu, maɓallin nan na hannun riga da matasa ke ce wa linkis. Ranar Juma'a in ka duba sahu, da wuya ka rasa shi a hannun kaftanin mutum goma. Amma in ka tambayi mai shi da me aka yi shi, wa ya ƙera shi, daga ina kuma ya samo asali, sai ka ga an yi shiru.

MAƘERAN BAƘI DA MAƘERAN FARI

Tun asali Bahaushe ya raba ƙira gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, su ne masu aikin baƙin ƙarfe: fartanya, garma, lauje, gatari, wuƙa, mashi. Akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe, daga baya har da zinariya da sanholo. Na farko manomi da mafarauci suke wa aiki. Na biyu kuwa abokan cinikinsu mata ne da sarakai da attajirai. Su ke yin mundaye da awarwaro da zobba da 'yan kunne, su ke yi wa takobi da kayan doki ado. A birane irin su Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato sana'ar gado ce, ɗa ya tashi yana yi wa ubansa zuga tun bai san darajar abin da ke cikin wutar ba. Maƙwabtanmu ma sun yi suna a wannan fanni. Nufawan Bida an san su da aikin tagulla da azurfa, haka maƙeran Buzaye na Agadas da sarƙar nan tasu mai kama da gicciye, wadda suke fara siffantawa da kakin zuma kafin su zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa.

To, ga abin tambaya. Ƙasar Hausa tana da tama, tana da kuza a wajen Riruwai, tana da zinariya a ƙasar Zamfara, amma ba ta shahara da haƙar azurfa ba. Ina maƙeran fari suke samo ta? Amsa ita ce: kuɗi suke narkawa.

ZAMANIN LIYARI

Tsofaffinmu sun san liyari, wani babban kuɗin azurfa mai hoton wata mace Baturiya. Matar nan ita ce Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. Bayan ta mutu ba a daina buga kuɗin ba, sai dai duk wanda aka buga daga baya shekarar 1780 ake rubutawa a jikinsa, don mutanen ƙasashen Larabawa da Habasha da Afirka sun saba da shi a haka, ba sa yarda da wani. Saboda haka wanda ya gaji liyari ya ga 1780 kada ya ɗauka lalle a shekarar aka yi shi. Har a ƙarni na 20 an buga shi a Landan da Birmingham da Rum da Bombay.

Nauyin liyari giram 28 ne da 'yan kai, kuma a cikin kowane kashi 1000 nasa, 833 azurfa ce tsantsa, saura jan ƙarfe. Wannan tabbacin nauyi da kyau shi ya sa fatake suka amince da shi. Ta hamada yake shigo mana, daga Tarabulus ya biyo Gadamas da Gat da Agadas, wani kuma ta gabas, hanyar Borno da mahajjata. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canza ɗaya a kan wuri 2,500. Ka ga ke nan wanda zai yi doguwar tafiya, gara ya ƙulle liyari ashirin a lalita da ya ɗora wa jaki wuri 50,000.

Sunan kuɗin a harshen Jamus shi ne tala, daga nan kalmar dala ta fito. Shi ya sa a Nijeriya muka riƙa kiran sule biyu dala, 'yan uwanmu na Nijar kuma har gobe suna kiran tamma biyar dala. Mata kan huda liyari su rataya a wuya, wasu kuma su kai wa maƙeri ya narka ya yi musu munduwa. Munduwar nan ado ce, kuma asusu ce. Ranar da aka shiga matsi, ko fari, ko jinya, ko aurar da 'ya, sai a cire a kai kasuwa a auna.

KUƊIN TURAWA

Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903 sai suka shigo da kuɗinsu, suka ce da su za a biya haraji. A 1907 aka fito da anini mai huji a tsakiya, na sanholo, daga baya aka sake masa ƙarfe. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, a 1913 kuma ta fito da taro da sisi da sule da fataka, dukkansu na azurfa mai kashi 925 cikin 1000. Sule ɗaya ya haura giram biyar da rabi, fataka ta haura goma sha ɗaya. Maƙeran fari sun sami abin aiki a bakin ƙofa.

Daɗin bai daɗe ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya farashin azurfa ya tashi ƙwarai, har ta kai ƙarfen da ke jikin sule yana neman fin sulen kansa daraja. A 1920 sai aka daina buga mana na azurfa, aka koma na tagulla. A Ingila kanta a wannan shekarar aka rage azurfar kuɗinsu ta koma rabi, a 1947 aka cire ta gaba ɗaya. Daga nan tsohon sule ya zama abin nema, mutane suka ɓoye nasu, maƙera suna bi gida gida suna saye. Duk kuɗin da aka yi bayan wannan, da na Nijeriya na 1959, da kwabban naira na 1973, babu ƙwayar azurfa a cikinsu.

SANA'A TA BIYO JAMA'A KUDU

A daidai wannan zamani ne kakanninmu suka yawaita a ƙasar Yarbawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911. Shanu suna gangarowa, goro yana haurawa. A 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa tamu ta Sabo, haka kuma zanguna suka bunƙasa a Shagamu da Agege da Abekuta da sauran garuruwan goro. Bahaushe kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Inda fatake suka sauka, can za ka ga malami da mahauci da wanzami da maɗinki da baduku sun biyo, maƙeri ma haka. Matar da aka auro daga Kano ko Ilori ba za ta bar adon gidansu ba don ta zo Kurmi, kuma dole a sami mai gyara mata ɗan kunne in ya karye.

A nan maƙerinmu ya tarar da wata duniya. Yarbawa suna da nasu maƙeran zinariya, matansu kuma zinariya suka fi so. A Ikko da Abekuta da Ibadan akwai akawuna da lauyoyi da malaman makaranta masu sa tufafin Turawa, da taguwa mai ƙulle a wuyan hannu. A jikin irin waɗannan ne mutanenmu suka fara ganin maɓallin da muke magana a kansa.

ASALIN MAƁALLIN

Maɓallin hannun riga ba namu ba ne tun farko, na Turai ne. Da can da zare ko ƙyalle suke ɗaure bakin hannun taguwarsu. A ƙarni na 17, zamanin Sarkin Faransa Luwis na 14, wanda ya yi mulki daga 1643 zuwa 1715, masu hali suka fara sa maɓallai biyu da 'yar sarƙa ta haɗa su, a zura ta hujin hannun riga. A ƙarni na 19 sai aka shiga yayin sa wa wuyan hannu sitaci har ya yi tauri, yadda maɓallin ɗinki ba ya shiga da sauƙi. Nan ne abin ya yaɗu daga gidajen sarauta zuwa ga ma'aikata da 'yan kasuwa.

Birnin Birmingham na Ingila ya yi fice wajen ƙera su. Abu biyu suka faru a Ingila da ya kamata ɗan kasuwa ya sani. Na farko, tun 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya kafa doka cewa ba a sayar da kayan azurfa sai an gwada an buga masa hatimi, hoton kan damisa, shaidar cewa ya kai kashi 925. A 1773 aka buɗe ofishin gwajin a Birmingham, nasu hatimin kuwa hoton ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa ne. Na biyu, a 1840 wasu mutanen birnin, 'yan gidan Elkington, suka yi rajistar dabarar shafa wa ƙarfe azurfa da wutar lantarki. Daga ranar aka sami damar ɗaukar tagulla a lulluɓe ta da azurfar da ba ta kai kaurin fatar albasa ba, ta fito tana ƙyalli. Wato a gari ɗaya aka sami ofishin tabbatar da ta gaskiya, aka kuma sami hanyar yin mai kama da ita.

Mu kuwa tufafinmu na gado, babbar riga da taguwa da 'yar shara, hannunsu a sake yake, ba ya bukatar maɓalli. Sannu a hankali ne teloli suka ɗauko wuyan hannun taguwar Bature suka ɗora wa kaftani da jamfa, har ya zama yau shadda ba ta cika ba sai da shi. Maƙerin da kakansa ya yi wa doki ado, ubansa ya yi mundaye, shi sai ga shi yana ƙera maɓallin hannu. Haka sana'ar take tun fil azal, abin da jama'a ke sawa shi take bi.

YADDA AKE ƘERA SHI

Wanda bai taɓa zama a maƙera ba zai ɗauka ƙaramin abu ƙaramin aiki ne. Bari mu bi shi daki daki.

Da awo ake farawa. Maƙeri zai ɗora azurfar a sikeli a gaban mai ita. In tsantsa ce sai ya ƙara mata jan ƙarfe kaɗan, kashi 75 a kan 925, don tsantsar tana da laushi, ba ta jure gugar yau da gobe. Sai ya zuba a ɗan kasko na yumɓu, ya binne a gawayi, yaro na zuga. Yanzu wasu da wutar gas suke yi. Azurfa tsantsa sai zafi ya kai awo 962 take narkewa, mai gauraye kuwa wajen 900. In ta narke ta zama kamar ƙwayar ido tana juyawa, sai a ɗauko da awartaki a juye a ɗan kwami da aka shafa wa mai, ta daskare ta zama sanda.

Daga nan sai bugu a kan uwar maƙera. Halin azurfa shi ne, in ana bugunta tana ƙara tauri, in aka matsa mata sai ta tsage. Don haka bayan 'yan bugu kaɗan dole a mayar da ita wuta ta yi ja kaɗan, a tsoma a ruwa, ta huce ta yi laushi, a ci gaba. Haka za a yi ta yi har ta zama falle mai kaurin da ake so. Mai gaggawa ba ya wannan aiki.

Sai a zana siffar fuskar, ko zagaye ko mai kusurwa huɗu, a yanka, a bi gefen da magagari. Riga ɗaya maɓalli biyu take ci, in kuma irin mai sarƙa ne kowanne fuska biyu gare shi, babba ta waje da ƙarama ta ciki. Dole na dama da na hagu su zo daidai kamar tagwaye, a girma da nauyi da zane. A nan ake gane gwani. Zanen kuwa da ɗan kurfi ake sassaƙa shi, ko dagi, ko tauraro, ko harafin farko na sunan mai shi.

Saura haɗi. Ana jan wani guntun azurfar ta cikin hujojin farantin ƙarfe, daga babba zuwa ƙarami, har ya zama waya. Da ita ake lanƙwasa 'yan zobban da za a liƙa a bayan kowace fuska, da sarƙar da za ta haɗa su. Abin liƙin shi ne sinadari. Yau kowa na cewa sinadarin abinci, sinadarin magani, amma asalin kalmar a maƙera take. Shi ma azurfa ce da aka gauraya da jan ƙarfe da tutiya don ta riga uwar narkewa. Maƙeri zai ɗora ɗan ƙwarya-ƙwaryarsa da hantsaki a bakin haɗin, ya gasa dukkan abin baki ɗaya, don azurfa tana saurin kwashe zafi. In wuta ta yi kaɗan sinadari ya dunƙule bai shiga ba, in ta yi yawa aikin yini ya narke a gaban idonsa.

Bayan haka abin yakan fito baƙi ƙirin. Sai a dafa shi a ruwan lemon tsami da gishiri ko ruwan alam, ya yi fari, a goge, a yi ta gogewa har mutum ya ga fuskarsa. A ƙarshe a mayar da shi sikeli. Maƙerin kirki yakan shimfiɗa fata a cinyarsa don tare garin da magagari ke zubarwa, saboda garin nan ma haƙƙin mai kaya ne. Liyari ɗaya ya isa a fitar da maɓallan riga ɗaya har a yi saura, kuma mai shi yana da ikon ya tambayi inda saurar ta shiga.

ABIN DA MUKA KARANTA A MAKARANTA

Tun da Musulmi ne mu, ba a raba wannan tarihi da hukunci. Dalilin da ya sa mazanmu suka karkata ga azurfa shi ne zinariya haramun ce ga namiji ya sa ta. Ita azurfar ma tana da iyaka. A littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda yawancinmu muka bi ta kansa, wuri uku aka ambata da namiji zai yi amfani da ita: zobe, da adon takobi, da adon Alƙur'ani. Malaman Malikiyya kuma sun ce kada zoben ya wuce nauyin dirhami biyu, wato wajen giram shida. Maɓallin hannu ba ya cikin ukun nan. Don haka akwai malaman da suke hana shi ga namiji, akwai kuma waɗanda suka sassauta a kan 'yar azurfa kaɗan a jikin tufa. Ni ɗan kasuwa ne, ba mai fatawa ba. Kowa ya je ga malaminsa ya tambaya kafin ya ba da aiki.

Abu na biyu ya fi shafar mu 'yan kasuwa. Musayar azurfa da azurfa sai nauyi ya zo daidai, kuma hannu da hannu. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin wani maƙeri da ya nemi Abdullahi ɗan Umar ya yarje masa ya sayar da abin da ya ƙera da fiye da nauyinsa don ya fitar da ladan aikinsa, shi kuwa ya hana shi. Mafita a nan mai sauƙi ce: ko ka ba maƙeri azurfarka ya ƙera maka ita kanta ka biya shi ladansa, ko ka sayar da tsohuwar da naira, ka sayi sabuwar da naira. Ciniki biyu, kowanne da kansa.

INDA MUKA KWANA

Abubuwa da dama sun taru sun karya sana'ar. A farkon 1980 farashin azurfa ya kusa dalar Amurka 50 a kan oza ɗaya, mutane a ko'ina cikin duniya suka yi ta kai kayan gado ana narkawa. A 1986 aka karya darajar naira, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, azurfa na ciki. A 2011 farashin ya sake komawa kusa da na 1980. Ana cikin haka kasuwa ta cika da kayan inji daga Dubai da Caina, masu ƙyalli da araha. Yaron da a da zai zauna shekaru yana zuga, yanzu gara ya shiga canji ko gyaran waya ko acaɓa, ya ga kuɗi a ranar.

Asarar ba ta maƙera kaɗai ba ce. Kama da wane ba ta wane. Yawancin abin da ake miƙo mana da sunan azurfa tagulla ce aka shafa wa ruwa, wata uku ta koɗe ta bar kore a hannun farar shadda. Akwai kuma wadda ake kira azurfar Jamus, wadda jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, babu azurfa ko ƙwaya a ciki. Lambar 925 da ake gani a jiki, kowa na iya sayen abin bugata. Maganaɗisu yana kama na baƙin ƙarfe, amma ba ya tona asirin tagulla. Sai an ɗan goga magagari a ɓoyayyen wuri an ga cikin, ko an ɗiga ruwan gwaji. Wanda ya fi iya wannan kuwa shi ne maƙerin da muke bari yana ƙarewa. Ranar da babu shi, wa zai auna wa marayu mundayen uwarsu in an zo rabon gado? Wa zai gaya wa bazawara gaskiyar abin da ke hannunta kafin dillali ya taya?

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu abu uku. Na ɗaya, a nemi dattawan maƙeran fari da suka rage a zangunanmu, a zauna da su, a rubuta daga ina iyayensu suka zo da sunayen kayan aikinsu, tun suna raye. Na biyu, a cikin yaran da ƙungiya ke taimaka wa su koyi sana'a, a ware ko biyu ne a kai su maƙera, a ɗauki nauyin abincinsu har su iya. Na uku, mu da ke da halin ɗinka shadda mai tsada, in za mu sayi zobe, ko abin hannu, ko kayan lefen 'ya'yanmu, mu riƙa ba namu aiki, a auna a gabanmu, mu biya lada ba tare da ƙwauro ba. Araha dai ba ta ado. Iyaye mata kuma, don Allah, duk mai tsohon liyari ko munduwar gado kada ta yi saurin rabuwa da ita, in kuma ya zama dole, a kai wa wanda ya sani ya auna tukuna.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana wannan zango, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin. Wassalamu alaikum.